Ni da Surukina da Shok ɗin Gaba a Hanyar Bunkure

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kura, ni da surukina, a kan babur ɗina. Wanda bai san mu ba zai ce ai ba wani abu ba ne don mutum ya goya dattijo zuwa Bunkure. Amma shekara tara ke nan ina auren 'yarsa, kuma in aka tattara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu, ba ta wuce gaisuwa ba. In na je gidansa, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in tambayi gajiya da sanyi, ya amsa yana kallon tabarma, ni ma ina kallon tabarma, sai in tashi. In kuwa na hango shi a kasuwa, nan take nake tuna ina da sayayya a wani layin.

Abin da ya haɗa mu tafiya shi ne, ɗansa da ya saba kai shi unguwa ya bi motar tumatir zuwa Ikko. Maiɗakina ce ta zo mini da maganar ana gobe za mu tafi. Ta ce mahaifinta yana da ƙane a wani ƙauye kusa da Bunkure, shekara goma ba sa ga maciji, saboda wata gonar gado ta bakin kanal ɗin ban ruwa da suka yi saɓani a kan rabonta. Tsohon ne ya faɗi magana mai zafi a lokacin, kuma ya san shi ne ya faɗa. Yanzu ƙanen ya samu kujerar Makka, kuma washegari bayan azahar motoci za su kwashi maniyyata daga Bunkure zuwa sansanin alhazai a Kano. Tsoho ya ce ba zai bari ɗan'uwansa ya hau jirgi da wannan abu a tsakaninsu ba. Na ce to, Allah ya kai mu.

Babur ɗin nawa ɗan Caina ne, na hannu, a wurin wani ɗan acaɓa na saya. Da shi nake zuwa firamaren da nake koyarwa. Kusan wata biyu ina ganin wani baƙin mai yana zirarowa a ƙafar hagu ta shok ɗin gaba, kowace safiya sai in sa tsumma in goge, in ga ta yi fes, in ce magana ta ƙare. In na faɗa rami kuma sai in ji ƙwas daga gaba. Wannan ma na saba da shi har na daina ji.

Da ya zo hawa, surukina bai zauna a kujera ba. Can baya ya koma kan kariya, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu ta baya, ya bar fili a tsakaninmu wanda buhun taki zai zauna ba matsi. Haka muka hau titin Zariya, sanyi yana yanka kunne, ni a gaba kamar an dasa ni, shi a baya babbar rigarsa tana kaɗawa.

Gari ya waye mana sosai a Kwanar Gafan. Wanda bai taɓa ganin wannan wuri a lokacin tumatir ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Kwanduna jere har inda ido ya tsaya, an lulluɓe bakinsu da ciyawa, manyan motoci sun juya baya ana yi musu lodi zuwa Kudu, dillalai suna ta ciniki da yatsu a ƙarƙashin hannun riga. Kaya ya yi yawa bana, manoma sai ƙorafi suke yi, wai in ka cire kuɗin kwandon da kuɗin ɗauko shi daga gona, abin da ya rage ba zai sayi man injin ban ruwa ba. Na tsaya wurin ɗan bumburutu na ƙara rabin galan, ya ɗora naira goma a kowace lita a kan farashin gidan mai, ya kuma rantse mini asara yake yi. A nan na sayo mana koko da ƙosai. Sai da na riƙo su a hannu na tuna ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. Na miƙa masa nasa, ya juya gabas, na zaga bayan wata mota na juya yamma. Ƙosan ya yi daɗi, an sa masa albasa da yawa, amma a tsaye na haɗiye shi kamar mai laifi.

Daga nan muka sauka daga kwalta muka kama hanyar bakin kanal, wadda aka ce ta fi kusa. Kusa kam ta fi kusa. Ga ruwan Tiga yana tafiya a hankali a hannun dama, cike taf. Ga alkama kore shar, ga fagagen albasa, ga masara ta rani ta fara fitar da gemu. Manoma sun tattare wando suna jera robobin zuƙo ruwa daga ƙaramin kanal zuwa cikin kunya, mata sun sunkuya suna tsinkar tumatir, balbelu suna bin duk inda ruwa ya jiƙa. Amma hanyar kanta, a-kori-kura da tarakta sun gama da ita. Rami na bin rami. Duk wanda muka faɗa, gaban babur ya nutse har ƙasa ya ce ƙwas, sannan ya yi ta rawa sama da ƙasa kafin ya natsu. Ina jin tsoho yana gyaran murya a bayana. Na ɗauka sanyi ne.

Wajen ƙarfe tara muka iso wata ƙaramar gada. Ban ankara ba sai ga shanu suna haurowa daga bakin ruwa, wani Bafulatani yana biye da su. Na damƙe birkin gaba. Gaban babur ya durƙusa kamar raƙumi, amma tayar ba ta tsaya ba, sai ta ci gaba da tafiya abinta. Na taka na baya, muka ja ƙasa, muka gangara gefen hagu, tayar gaba ta lume a cikin fagen albasar wani bawan Allah. Da gefen dama muka yi, da cikin kanal za mu yi wanka. Ba mu faɗi ba. Amma filin buhun takin nan ya rufe, domin da na dawo hayyacina na iske surukina ya rungume ni ta baya da hannu biyu, hularsa tana kan kafaɗata.

Muka sauka, kowa ya kalli wani wuri daban. Bafulatanin ya yi mana sannu, mai albasa ya zo ya taya mu jawo babur, ya ce ba komai, uku ce kawai ta karye. Sai surukina ya gyara hula, ya tsuguna gaban tayar, ya shafa ƙafar hagu da yatsa, ya shinshina.

"Malam," in ji shi, "tun daga Kura nake jin ƙafar nan tana kuka. Na yi ta jira ko za ka ji."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Na san ya yi shekaru yana gyaran tarakta a ma'aikatar noman rani kafin ya ajiye aiki, amma ban taɓa ganin sa da sifana ba. Ya nuna mini inda man ya bi ƙafar ya gangara har cikin birki. Ya ce man shok ne ya jiƙa birkin, shi ya sa bai kama ba, kuma ba zai sake hawa ba, ni ma ba zan hau ba, sai an gyara.

Muka tura shi kamar minti ashirin zuwa wani ƙauye da ke gaba. A gindin wata darbejiya muka samu bakanike, mutum mai jiki da fara'a, injinan ban ruwa sun kewaye shi, kowanne da mai shi a tsaye. Ya bar su ya zo ya girgiza kan babur ɗina sau biyu, ya ce boris ɗin wuya ne, yanzu zai ɗaure. Surukina bai musa masa ba. Sai ya ce in kafe babur a kan babban jak in danne bayansa har tayar gaba ta tashi. Ya juya kan hagu da dama, ya tafi sumul ba sarƙewa, ya jijjiga shi, wuya bai motsa ba. Sannan ya ce in sauke, in riƙe birki in danna gaban da ƙarfi. Na danna, ya nutse ba wata turjiya, ya buga ƙwas, ya taso yana rawa. Bakanike ya kalli tsoho, ya kalle ni, ya yi dariya.

"Malam, ashe da maigidan sana'ar kake tafe. Ga akwatin kaya nan, ni yau ɗan kallo ne."

Surukina ya cire babbar riga ya ninke, ya miƙo mini, ya naɗe hannun 'yar ciki. Yana kwancewa yana bayani, ba ni yake kallo ba, notin da ke hannunsa yake yi wa magana, amma na san da ni ake. Ya ce kowace ƙafa sanda ce mai sheƙi da ke shiga cikin kwanso. A ciki akwai sifirin da mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man kuma shi ke hana shi tsalle. A bakin kwanson akwai wata roba da ake ce wa sil, ita ke tsare man kada ya fito. In ta mutu, man ya tsiyaye, sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Aka cire taya, aka zare ƙafafun biyu. Ya juye ta dama a cikin gwangwani, wani baƙin ruwa mai wari ya fito, kamar ba a taɓa canza shi ba tun daga Caina. Ya juye ta hagu, abin da ya fito bai cika cokali biyu ba. Ya jera sifirin biyun a ƙasa, na hagu ya gaza ɗan'uwansa da kusan faɗin yatsa, ya gaji. Sannan ya ce yana son ya san ko sandar ta lanƙwashe, domin in ta lanƙwashe, duk sil ɗin da aka sa ba zai yi mako ba. Yana buƙatar abu mai shimfiɗa daidai, kamar gilashi. Aka duba ko'ina babu. Sai bakanike ya tsallaka wurin mai aski ya dawo da madubinsa, mai askin yana biye da shi riƙe da almakashi, wanda ake yi wa askin ma ya biyo su da rabin kai. Aka kwantar da madubi a kan benci. Tsoho ya mirgina sandar a kai a hankali, ya kwantar da kai yana leƙen ƙarƙashinta ko haske zai ratsa. Mai aski bai yi numfashi ba sai da aka mayar masa da kayansa lafiya. Sanda ba ta lanƙwashe ba. Tsatsa ce ta yi mata ƙananan ƙuraje, su ne suka yi ta yankar robar har ta mutu.

Aikina na farko ke nan: ya ba ni samfefa mai laushi da ɗan mai, ya ce in goge ƙurajen a hankali, ina zagaya sandar, har sai farce ya wuce bai tsaya ba. Na yi na kai masa, ya shafa, ya dawo mini da ita. Sau uku yana dawo da ita. Ni da nake dawo wa yara da littafi su sake, ranar na ji yadda abin yake.

Sil ɗaya tak bakanike ya samu a cikin wani tsohon gwangwanin madara, sabo a ledarsa, naira tamanin. Tsoho ya ce ya isa, na dama bai fara zuba ba, amma in sayi wani in na koma Kura. Aka wanke cikin kwanson da kananzir. Ya shafa wa sabon sil mai, ya zura shi, ya ɗora tsohon a kansa yana bugawa a hankali da guntun bututu don kada sabon ya ji rauni. Sifirin da ya gaji, ya ƙara masa wasa biyu, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, a sama don tsawonsu ya zo ɗaya, ya ce wannan na wucin gadi ne. Birkin kuma aka wanke shi da fetur, aka goge fuskarsa da samfefa, aka shanya a rana. Muna cikin haka wata Bafulatana ta sauke ƙwarya kusa da mu, bakanike ya sa aka dama mana fura, ya ce shi zai biya, kuɗin makaranta ne. Hannun tsoho duk mai, nawa ma haka, ludayi kuma ɗaya ne. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga muna miƙa wa juna.

Saura zuba mai. Babu man shok na musamman a ƙauyen, sai aka samo sabon man inji marar kauri. Tsoho ya ce dole ƙafafun biyu su sha daidai wa daida, in ba haka ba babur zai riƙa ja gefe ɗaya. Da sirinjin allurar dabbobi ya auna, ya zuba, ya tura sandar sama da ƙasa don iska ta fita, ya tsoma tsinke ya duba. Ya yi daidai. Sai ya sake tsoma tsinken. Sannan ya zuƙe kaɗan daga ta dama, ya mayar, ya sake aunawa. Na dubi agogo, ƙarfe ɗaya saura. Mutumin da ɗazu hannunsa ke gudu kamar na saurayi, yanzu ya tsaya yana goge noti ɗaya da tsumma, ya juya shi ya sake gogewa. Bakanike ya koma kan injinansa. Muka rage mu biyu.

A nan na gane ba man yake aunawa ba. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fito.

"Baba, man nan ya yi daidai tun ɗazu. In ba mu tashi yanzu ba, za mu tarar motoci sun tafi."

Ya juya tsinken a hannunsa. Can ya ce, "In na miƙa masa hannu ya ƙi karɓa fa, a gaban jama'a?"

Na ce, "To kun dai miƙa. Ni kuma ina nan, sai in dawo da ku gida."

Ya ajiye tsinken. Cikin minti goma sha biyar aka mayar da ƙafafu, aka ɗaure taya. Ya sa na danna gaban: ya sauka a hankali, ya taso sau ɗaya, ya tsaya cak, ba ƙara. Ya ce in je in dawo in gwada birki, na gwada, ya kama. Bakanike ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ya ce ai ba shi ya yi ba. Ya ba mu garin sabulu muka wanke hannu, amma baƙin man ya riga ya shige cikin tsagar fata da ƙarƙashin farce.

Ba mu bi ta ƙauyen ƙanen ba, kai tsaye muka nufi Bunkure. Ramukan suna nan yadda suke, amma yanzu babur yana haɗiye su, hannuna ya daina zafi. Mun iso ana fitowa daga sallar azahar. Filin da motocin suka tsaya ya cika da 'yan rakiya, jakunkuna iri ɗaya a ko'ina, masu rake da masu gurasa suna ta ciniki, wani yana kiran sunaye da lasifika. Mota ta farko har ta tashi. Muka kutsa muna leƙa tagogi. A bakin mota ta biyu muka gan shi, ƙafarsa ɗaya a kan matakala, cikin farar shadda sabuwa dal. Ban taɓa ganin sa ba, amma ba sai an gaya mini ba, hancinsu ɗaya da surukina.

Tsoho ya kira shi da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba. Mutumin ya waiwayo, ya sauke ƙafarsa. Surukina ya fara miƙa hannu, sai ya ga baƙin man da ke jiki, ya ga farar shaddar, ya janye yana gogawa a rigarsa. Ƙanen bai jira ba, ya kamo hannun da nasa biyu ya jawo shi jikinsa.

"Yaya, tun safe nake duban hanya," in ji shi. "Na ce ko ba za ka zo ba."

Na matsa gefe na je na sayi rake, domin abin da ya biyo baya ba na kunnena ba ne. Daga inda nake ina ganin su, tsoho yana magana kansa a ƙasa, ƙanen yana girgiza kai yana cewa ya wuce, ya wuce. Mai lasifika ya kira sunansa sau biyu kafin ya shiga. Da motar ta juya, na hango shi ta taga yana ɗaga hannu, ga shatin yatsu baƙaƙe a kafaɗar shaddarsa. Haka ya tafi da su Kano.

Muka yi sallah a nan, muka ci waina da miyar taushe a wurin wata dattijuwa, biyar naira ashirin, ta ƙara mana ɗaya don ta ga tsoho yana share ido, ta ɗauka yaji ne. Da dawowa muka bi kwalta ta Karfi, ta fi nisa amma ba wanda yake sauri. Tsoho ya yi ta nuna mini wurare: nan suka taɓa kafewa da tarakta kwana biyu, can kuma duk daji ne kafin ruwa ya zo, ba mai noma komai da rani sai zaman jiran damina. Iska tana kwashe rabin maganar, ni dai ina ta cewa na'am. La'asar sakaliya muka shiga Kura, masu casar shinkafa suna kwashe shanya daga bakin titi. Na sauke shi a ƙofar gida, ya sa mini albarka, ya shige.

Abin da na ƙaru da shi a wannan tafiya ba kaɗan ba ne. Yanzu na san in gaban babur ya fara nutsewa yana buga ƙara, ko ya yi ta rawa bayan rami, ko aka ga mai a ƙafarsa, a tsaya a duba tun bai kai ga birki ba, a kuma tabbatar ba wuya ba ne kafin a kwance komai. Na kuma ga cewa dattijon da nake jin nauyinsa haka, shi ma akwai ƙofar da yake jin nauyin shiga, har sai wani ya ce masa mu je.

Ranar Asabar na sayi sil na biyu da sabon sifirin a kasuwar Kura, na tura babur har ƙofar gidansa. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa kamar kullum, ya amsa a gajarce. Na ce a raina to, an koma gidan jiya. Ina shirin tashi sai ya leƙa waje, ya ga ledar da ke rataye a kan babur, ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa tsohuwar rigarsa daga ɗaki.

"Yau kai za ka kwance," in ji shi. "Ni zan zauna in ga abin da ka riƙe."